Littafin Abbi Sai Mai Jirgi

Masu cewa taurin kaina ya yi yawa, na ga saƙonninku, kuma ko kaɗan ban ji haushi ba. Har da ke da kika rubuto cewa in ba na son Hergeir in turo miki lambarsa. Ki yi haƙuri 'yar uwa, ki bari ki ji abin da ya faru a ƙarshen makon nan tukuna, in kin ji kina nan a kan bakanki sai mu yi magana.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Rannvá, shekarata ashirin da tara. Wani ƙauye ne garinmu a kudancin tsibirin Suðuroy, amma a Tórshavn, babban birnin tsibiranmu, nake aiki, a cibiyar binciken teku. Bin diddigin ruwa shi ne sana'ata. Akwai ruwa mai ɗumi da ke tahowa daga kudu ya ratsa ta gefen tsibiranmu ya nufi arewa, albarkacinsa ne tekunmu ba ya daskarewa. Akwai kuma mai sanyi da ke komawa ta can ƙasa. Mukan nitsar da na'urori a ƙasan teku su shekara suna awo, sannan mu je mu ciro su. Tambaya ɗaya kowa ke yi mana: ruwan ɗumin nan raguwa yake, ko yana nan yadda yake? Mu kuma awon da ke hannunmu bai wuce na shekara talatin da 'yan kai ba, kullum shugabarmu cewa take wannan a wurin teku ai jiya ne.

To ni na san inda awon shekara arba'in da huɗu yake kwance, wanda ya girmi namu nesa ba kusa ba. Yana cikin gwangwanin biskit, a saman kabad ɗin ɗakin Baba.

Kakana ne ya rubuta shi, mahaifin Baba, Abbi muke ce masa. Daga shekarar 1957 har ƙafafunsa suka gaza a 2001, duk ranar da ya fita kamun kifi sai ya jefa bokiti ya ɗebo ruwan teku, ya tsoma ma'aunin zafi, ya rubuta abin da ya gani, da kwanan wata, da inda ruwa ya nufa, da wurin da jirginsa yake tsaye. Littattafai huɗu ne masu baƙin bango an ɗaure su da zaren ƙugiya, amma a gidanmu littafin Abbi kawai ake cewa. Mutanen gari dariya suke yi masa, wai tsoho yana gwada wa teku zazzaɓi. Baba ma yana cikin masu dariyar. Ranar da aka raba kayansa bayan jana'iza, ma'aunin nan mai gidan tagulla ba namijin da ya ko kalle shi, sai Mama ta miƙo min ta ce tunda ni ce 'yar riƙe masa bokiti ina yarinya, in ajiye. Har yau yana cikin jakata.

Wuraren su ne matsalar. Abbi ba ruwansa da lambobin taswira, da duwatsu yake rubuta wuri: in rufin coci ya shiga tsagar dutse, hancin ƙaramin tsibiri kuma ya taɓa ƙarshen gaɓa, to ka iso. Kowane gida a ƙauyenmu da nasa wuraren kamu, kuma ba a faɗa. Wa da ƙani ma in jirginsu daban ne ba sa gaya wa juna. Ka dawo da jirgi maƙil da kifi a tambaye ka ina ka samo, sai ka nuna gabas da haɓa alhali daga yamma kake, mai tambayar ya san ƙarya kake yi, ya ce madalla. Littafi kuma ba jini kaɗai yake bi ba, mai jirgi ake ba wa. Baba kuwa 'ya'ya biyu Allah ya ba shi duk mata, yayata tana aikin jinya a Denmark, ni kuma ga ni. Awon zafin ruwa in ba a san inda aka yi shi ba bai da amfani ga kowa. Ni da bakina na taɓa gaya wa Baba haka, kuma na yi da-na-sanin faɗa.

Ranar Juma'a ina ofis, ina duba kayan da za mu loda wa jirgin bincike don tafiyar Talata, wayata ta fara tsalle a kan tebur. Mama ce, kuma ita ba ta iya tura saƙo ɗaya ba, sai a jere.

"Jirgin fito na Asabar da safe. Kada ki ce min aiki."

"Ki taho da shuɗiyar rigar nan mai maɓallan azurfa."

"Ki gyara gashin nan don Allah."

"Hergeir zai ci abincin rana da mu ranar Lahadi. Babanki ya sauko da gwangwanin."

Ukun farko dariya suka ba ni. Na huɗun ne ya sa gabana ya faɗi.

Bari in faɗa muku gaskiya a kan Hergeir, tunda ku ba Mama ba ne. Ina sonsa. To, na faɗa. Dogo ne, gemunsa ja-ja, maganarsa ba ta da yawa, in ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. Jirginsa fari ne fes, ya fi ɗakin wasu matan tsabta. Ranar da ya fara riƙe min hannu a bakin tashar jirage, har na isa gida ban san ruwan sama ya jiƙa ni ba. Sai dai ni mai awo ce, ba na mantuwar kwanan wata. Likita ya hana Baba jan igiya saboda ciwon kafaɗa a watan Afrilun bara, aka jawo jirginsa kan tudu aka lulluɓe da tamfol. A watan Mayu Hergeir ya fara kawo wa Mama ƙaton kifi yana tambayar lafiyata. Shekara nawa muna gari ɗaya, bai taɓa sanin ina da lafiyar da za a tambaya ba sai a watan nan. Wannan shi ne abin da ya tsaya min a rai.

Gidanmu na nan yadda na bar shi, baƙin katako, fararen tagogi, ciyawar da muke shukawa a kan rufi ta yi tsawo saboda ba mai hawa ya yanke. Tun daga ƙofa ƙamshin miyar naman tunkiya da ya sha iskar rumfa ya tare ni, na san Mama ta ciro cinyar da take ɓoyo. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur mai aikin hannu, wanda rabon da in gan shi tun bikin yayata. Faranti masu bakin zinariya ma an fito da su. A raina na ce, lallai yau akwai kayan da za a miƙa, ni da gwangwani.

Ranar Lahadi na je coci da shuɗiyar rigar, don kada Mama ta ji kunya a gaban mutane. Muna dawowa na haye sama na tuɓe ta, na buɗe akwatin tsofaffin kaya na zaro suwaitar Abbi, ruwan toka, gwiwar hannu duk faci, har yanzu tana warin ulu da gishiri. Ita na saka na sauko. Mama tana riƙe da kwanon dankali ta gan ni, ta tsaya cak, ta watsa min hararar da tun ina 'yar shekara bakwai na san ta. Ba ta samu ta yi magana ba saboda Hergeir ya riga ya shigo yana cire takalmi.

Gwaggo Estrid, yayar Baba, ita ba baƙon da ke hana ta magana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe marigayi ya dawo cin abinci."

"Yunwa ce ta koro shi, Gwaggo."

"Ke dai Rannvá. Shekara ashirin da tara kina bin ruwa, ya taɓa tsayawa ya jira ki? Ga mutum ya tsaya."

Hergeir ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja. Aka yi addu'a aka fara ci. Gwaggo ta ba da labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu da wanda tunkiyarsa ta faɗa rami, Mama ta yi ta ƙara wa Hergeir nama ba tare da ya nema ba, ni kuma ina juya cokali ina jiran abin da na san yana tafe. Sai da aka kawo kofi da waina mai miyar tsami sannan Baba ya tashi, ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin a hannunsa mai lafiya. Ya ajiye shi daidai gefen kofin Hergeir.

Baba ba mai dogon jawabi ba ne. Ya ce kafaɗa ta ƙare, jirgi ya kwanta, kuma littafi ba ya zama a gidan da ba jirgi. Ya ce ya lura da yaron nan yana da hankali, ba ya surutu a bakin tasha, kuma tunda magana tana tafiya tsakaninsa da 'yarsa, gara abin ya zauna a cikin gida.

"Wace magana ce ke tafiya, Baba? Ni ban ji motsinta ba."

Mama ta taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata na ci gaba da kallon Baba.

Hergeir ya yi gyaran murya. A hankali ya yi maganar, irin ta mai son raba faɗa. "Rannvá, in littafin yana ɗakinmu ai kullum kina iya buɗe shi. Wuraren ne dai ba za su fita waje ba."

Kun ji shi ko? Ɗakinmu. Ban san lokacin da na ajiye kofina ba.

"Hergeir, in da gwangwanin nan ba komai a ciki sai biskit, da kana zaune a teburin nan yau?"

Ya buɗe baki. Ya dubi Baba, ya dubi gwangwanin, sannan ya dube ni. A wannan jerin, na ƙirga. Ni ce ta uku. Na kau da kai, don na rantse ba zan yi kuka a gaban Gwaggo Estrid ba.

Daga nan ban ƙara rufa-rufa ba. Na gaya wa Baba abin da nake so in yi da littafin ɗalla-ɗalla: in bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, in mayar da su lambobin taswira, in haɗa awon Abbi da namu a buga, duk mai son dubawa ya duba. Baba ya ce wato kowane mai jirgi daga nan har Norway ya zo ya kwashe abin da kakanninsa suka ɓoye. Na ce in ruwan ɗumin nan ya canza hanya, ba sauran kifin da za a ɓoye wa kowa. Gwaggo ta ce ga abin da boko ke jawowa. Mama ta ce a sha kofi kada ya huce.

"Kai ka ce sai mai jirgi, Baba," na ce. "Abbi kuwa cewa yake sai wanda ya iya nemo wuri. Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba."

Baba ya daɗe yana kallona. Na san ya ji maganar a bakin mahaifinsa fiye da yadda na ji ta, kuma duk taurin kansa ba ya yi wa mamaci ƙarya. Can ya jawo gwangwanin ya dawo da shi gabansa.

"Yau Lahadi, ba a fita teku. Gobe ƙarfe shida, a jirgin Hergeir. Zan faɗi wuri ɗaya, a rufe na'ura, a kashe waya. Kowa awa ɗaya. Wanda ya ɗora jirgi a kai, nasa ne."

Washegari gari ya waye garau, teku a kwance, irin safiyar Yulin da ke yaudarar mutum. Na saka wandon roba da suwaitar Abbi, na rataya jakata. Muna barin tasha Baba ya cire tawul daga wuyansa ya lulluɓe allon na'urar da ke nuna wa jirgi inda yake, ya bar mana kamfas mai nuna arewa kawai. Na kashe wayata na miƙa masa. Hergeir ya ciro tasa, ya danna gefenta, ya zura a aljihun ƙirjinsa, Baba bai ce ya kawo ba, don a wurinmu neman wayar mutum a cikin jirginsa cin fuska ne. Sannan Baba ya buɗe littafi na biyu ya karanta mana layi ɗaya. Tudun Bazawara sunan wurin, wani tudu ne a ƙarƙashin ruwa. A kansa zurfi gaba arba'in da biyu ne, kowace gaba buɗin hannu biyu, ƙasansa farin yashi mai ɓarɓashin katantanwa. Ka kauce kaɗan, sai gaba saba'in da baƙin laka. Dalma da igiya za su raba gardama: a shafa kitse a gindin dalmar a sake ta, abin da ta manno shi ne shaida.

Hergeir ya fara. Ba zan rage masa ba, ya iya jirgi. Amma shi da allo ya tashi, idonsa bai saba riƙe alama biyu a lokaci ɗaya ba. In ya saita rufin coci a tsagar dutse, kafin ya juya ya nemi hancin tsibiri ruwa ya riga ya janye shi. Sau uku ya ce a saki dalma, sau uku ni da shi muka jawo ta da baƙin laka. Gumi ya jiƙa masa wuya duk da sanyin. Na ji tausayinsa, na kuma ji daɗi, duka biyun a lokaci ɗaya, ba zan ɓoye muku ba.

Baba ya duba agogo ya ce lokaci ya cika. Na matso gaban tagar matuƙi ina murna a ciki, don ni tun ina 'yar shekara goma Abbi ya koya min saita duwatsu. Ina ɗaga kai na ga ƙwanƙolin dutsen ya ɓace. Hazo ne ya taso daga kudu, fari fat, yana gangarowa. Kafin in gama zagin sa'ata a zuci ya haɗiye coci, ya haɗiye tsibiri, ya haɗiye gaɓar gaba ɗaya. Ko gaban jirgin da ƙyar muke gani.

Baba ya rufe littafi ya ce a juya gida. Hergeir ya ce adalci shi ne a ɗage zuwa wani makon. Ni kuwa na san wani makon ina can tsakiyar teku a jirgin bincike, kwana goma sha biyu, kuma kafin in dawo Mama da Gwaggo sun gama shirya komai.

"Awa ɗayata ce, Baba. Ba ka ce sai da rana ba."

"Me za ki gani a nan?"

"Ba gani zan yi ba. Hergeir, ina bokitinka?"

Ku bari in gaya muku abin da na tuna. In hazo ya rufe mu ni da Abbi, ba ya juyawa gida. Sai ya rage gudu, ya riƙa jefa bokiti a kai a kai, ni ina karanta masa lamba saboda idonsa ya yi rauni. Yakan ce inda ruwa ya ciji hannunki, kin hau tudu. A lokacin na ɗauka zancen tsofaffi ne. Sai da na yi shekaru a makaranta na gane: da rani saman teku ya fi ƙasansa ɗumi, in ruwa mai gudu ya bugi tudun da ke ƙasa sai ya turo sanyin sama. Ashe ba zazzaɓi tsoho yake gwada wa teku ba, hanyarsa yake nema. Duk garin nan an yi shekara arba'in ana yi wa idonsa na biyu dariya.

Na ciro ma'aunin tagullar. Baba ya gan shi, ya kau da kai. Na san wurin da Hergeir ya saki dalma ta ƙarshe ruwa ya riga ya tura mu gabas da tudun, don haka na ce ya juya yamma, a hankali, kamar mai tafiya da tsohuwa. Na jefa bokiti na jawo. Goma da ɗigo shida. Na zubar na sake. Goma da ɗigo shida. Na sake. Goma da ɗigo biyar. Igiyar bokitin ta fara cin tafin hannuna, yatsuna suka sandare, ruwa ya bi hannun suwaitar har hammata. Ba abin da ke tashi sai ƙarar inji da kukan tsuntsayen da muke ji ba ma gani. Minti arba'in suka tafi a haka. Ga shi gudun ruwan ya kusa tsayawa, in ya tsaya kuwa sanyin ba zai taso ba. Na fara tunanin yadda Gwaggo za ta ba da labarin nan a wurin saƙarsu ta ranar Laraba.

Hergeir ya leƙo ta taga ya ce in kawo ya riƙa jawo min bokitin. Na ce ya riƙe abin da aka ba shi ya riƙe.

Goma da ɗigo ɗaya. Na goge gilashin da haɓar suwaita na sake dubawa. Na jefa. Tara da ɗigo bakwai. Wannan karon tun kafin in karanta na ji shi a hannuna, ya cije ni har ƙashi. Na ce Hergeir ya ƙara rage gudu. Tara da ɗigo huɗu. Na jefa na ƙarshe, tara da ɗigo huɗu, bai motsa ba.

"Tsaya nan."

Baba da kansa ya shafa kitsen, da hannunsa mai lafiya ya saki dalmar. Igiya ta riƙa zarewa yana ƙirga ƙulli da leɓɓansa. A arba'in da biyu ta saki jiki. Muka jawo, ya juya gindin dalmar, ga farin yashi ya manne a kitsen, da ɓarɓashin katantanwa yana ƙyalli. Ya daɗe yana murza shi tsakanin yatsunsa. Sannan ya cire hularsa, ba don ni ba, na san don wa ya cire. Na juya don kada ya ga idona, sai na ga Hergeir ya dafe ƙirjinsa da hannu, daidai aljihu. Na ɗauka zafin kaye ne, har na ji ba daɗi.

Sai da muka yi rabin awa muna bin kamfas zuwa arewa kafin Baba ya yarda aka yaye tawul daga kan allo. A bakin tasha ya miƙo min gwangwanin, a gaban Hergeir da wasu tsofaffi biyu masu gyaran raga da suka yi kamar ba sa kallo.

"Naki ne. Na faɗa, ba na janyewa. Mutum huɗu suka riƙe wuraren nan kafin ke, ba wanda ya buɗe baki. Ba zan sa ki rantse ba."

"Baba, na gaya maka abin da zan yi da shi."

"Na ji," ya ce, ya mayar da hularsa ya yi gaba.

Wallahi da ya sa ni rantsuwa da ya fi min sauƙi, da sai in ƙi, mu yi faɗa, in tafi da fushina. Mama kuwa ta cusa min naman da ya rage a jaka, ta kuma naɗe gwangwanin a cikin leda biyu saboda ruwa. Hergeir ko sallama bai tsaya mun yi ba, ya ce zai wanke jirgi.

Jirgin fito na yamma na shiga. Na samu kujera kusa da taga, gwangwanin a kan cinyata, tafin hannuna duk ya yi bororo. Mun bar tasha da kamar minti ashirin wayata ta yi ƙara. Hergeir. Saƙon farko ba kalma ko ɗaya a ciki, lambobi ne jere biyu. Ni da nake kwana ina tashi da irin lambobin nan, kallo ɗaya na yi musu na san ko mene ne. Tudun Bazawara ne, daidai inda dalma ta sauka. Ashe ba ƙirji ya dafe ba.

Na biyu ya shigo.

"Ban kashe ba. Na san laifi ne. Wannan shi ne abin da kike buƙata don takardarki, ba wanda ya gani sai ke. In kin ce in goge, yanzu zan goge."

Ina cikin karantawa na uku ya biyo.

"Jiya kin yi min tambaya na kasa amsawa a gaban babanki. Yanzu littafi ya tafi, ba zai dawo hannuna ba. In kin dawo daga teku, in zo?"

'Yan uwa, ban san ko mari ya kamata ko runguma ba. Mutumin nan ya ci amanar mahaifina a cikin jirginsa, ya saci wurin da mutum huɗu suka riƙe ba su buɗe baki ba, kuma ya miƙo min shi. Haushi da daɗi sun cakuɗe min. Ban kai ga taɓa allon ba wayar ta fara ruri. Baba ne, mutumin da rabon da ya kira ni da kansa tun ranar da Abbi ya rasu.

Ko gaisuwa bai yi ba. "Rannvá, ke kina kusa da shi. Yaron nan ya kashe wayarsa kuwa?"

Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba. Na dubi gwangwanin da ke kan cinyata, na daidaita muryata.

"Baba, littafin nawa ne yanzu ko ba nawa ba? To wurin ma nawa ne. Ni ke da hakkin tambayarsa, ba kai ba."

Ina jin agogon bangon ɗakin girkinmu ta cikin wayar.

"Ashe dai bai kashe ba," ya ce, ya ajiye.

Ba a yi minti biyu ba saƙon Mama ya shigo, wannan karon guda ɗaya tak. "Babanki ya ɗauki hularsa ya nufi tashar jirage. Me kika ce masa?"

Jirgin fito ba ya juyawa don kowa, gaɓar Suðuroy kuma ta riga ta shige hazo a bayanmu. Na ƙara rungume gwangwanin, na kwafe lambobin nan a bayan tikitina da biro. Sannan na buɗe saƙon Hergeir na rubuta masa:

"Kada ka goge. Baba yana tafe. In da gaske ni kake so, ya same ka a tsaye."